Awon Bayan Inna

A bayan shagon maigidana, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya, akwai gawar wata mota da ta riga ni zuwa gidan. Na ce gawa don ban san sunan da ya fi dacewa da ita ba. Ba rufi, ba ƙofa, ba kujera. Dogayen ƙarafa ne kwance a kan bulo, sai sitiyari mai faɗi, sai wani dogon hanci da tsatsa ta cinye gefensa. Kajina sun sha yin ƙwai a gurbin injin, ni kuma na sha shanya kuɓewa a kan hancin. Duk ranar da 'yan gwangwan suka ratso ƙauyenmu suna neman tsofaffin ƙarafa, sai in leƙa shago in ce, "Malam, ga masu kai ta makwancinta sun iso." Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Malam kafintan bodin mota ne. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a birni, wajen wani dattijo da ake kawo wa manyan motoci tsirara, daga inji sai shasi, wato ƙarafan da jikin mota ke zama a kansu. Su ne za su gina mata jiki da katako, su shafa fenti, su zana tsuntsaye da furanni a gefe. Da ruwan kanal ya wadata ƙasarmu ta tsakanin Kura da Bunkure, tumatir ya fara fita mota-mota, sai ya dawo gida ya kafa shagonsa. Ya ci zamaninsa. Daga baya masu walda suka zo da bodin ƙarfe, aikin katako ya ja baya, Malam ya koma yin amalanken shanu da ƙofofi da bencin makaranta.

Amma in la'asar ta yi sanyi, ya wanke hannu ya zauna a kan gawar nan, sai bakinsa ya buɗe. Yakan ce a ƙasar Turawa, a da can, mai hali ba ya sayen mota a gama. Inji da shasi kawai kamfani ke sayar masa. Daga nan sai ya kai wa masu ƙera keken doki, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka yi wa manya karusa. Su zaunar da shi su auna shi: tsawon ƙafa, faɗin kafaɗa, har tsayin hular da yake sawa, don kada ta gogi rufi. Sai su haɗa ƙwarangwal da katako, su yi ta bubbuga falankin alminiyam da guduma har ya lanƙwasa ya lulluɓe shi. Ba za ka sami biyu iri ɗaya ba, tunda masu su ma ba iri ɗaya ba ne. Da injina suka fara buga jikin mota dubu a awo ɗaya, sai sana'ar ta mutu a hankali, kowa ya koma yana lanƙwasa jikinsa don ya shiga mota.

Wannan ta bayan shago, in ji shi, irin waɗancan ce. Wani attajiri ne ya yi yayinta a birni, gara ta cinye katakon, ta faɗo hannun dattijon da ya koya masa aiki, shi kuma ya bar masa. Idan yana wannan labari idanunsa kan tafi can wajen gonakin alkama, kamar motar tana tahowa ta cikinsu. Nakan ce, "To kai wa za ka auna? Ko ɗan akuyan nan?" Sai ya ce, "Mai ita bai zo ba tukuna."

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Tana yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma har na yi jikoki ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan". In na shiga gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ni ma ina kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa a garinmu ya san haka ake yi. Tsakaninta da Malam kuwa abin ya fi haka nisa. Yakan cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofarta kansa a ƙasa, ta amsa daga bayan labule. Da a ce sun yi kiciɓis a kasuwar Kura, ban jin zai gane surukarsa.

Bayan rasuwar mahaifina, Inna ce ta riƙe gonarsa ta bakin kanal. Dashen shinkafa, cirar ciyawa, tsinkar tumatir, in an dawo gida kuma a duƙa a kan tukunyar turara shinkafa. Bayanta ya yi ta ranƙwafawa kaɗan-kaɗan, har ya zama ba ya miƙewa. Tana tafiya da sanda fuskarta na kallon ƙasa. Mutane ma ta ƙafafunsu take gane su, wannan mai kaushi ne, wancan silifas ɗinsa ya cinye ta gefe guda.

Yayanta, Kawu, yana Madobi. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Kowace salla yakan taho a kan babur ɗinsa, ya zauna a tabarmarta su yi ta lissafa waɗanda suka mutu suna dariya. Wata shekara, ana tsakiyar noman rani, aka aiko cewa ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya tafiya ko'ina. Sai bayan kwanaki, ina tankaɗe a tsakar gidan Inna, na ji ta ce, kamar da iska take magana, "Ina so in ga Yaya."

Mun gwada. Aka kira adaidaita sahu, amma kafin mu kai kwalbatin bakin gari gumi ya jiƙa mayafinta, tana cije leɓe, dole muka juyo. Aka aro motar wani maƙwabci, kujerar ta tura kanta har gwiwa, numfashinta ya fara sarƙewa. Jikokinta suka kira Madobi a waya, irin kiran da ake ganin mutum, suka tura mata wayar ƙarƙashin fuska. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo musu abinsu. Ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin ba Yaya ba ne."

Na ba Malam labari ina wanke kwanuka, ban ma zaci yana saurare ba. Washegari da hantsi na ji kajina suna kuka. Na fita na tarar yana korarsu daga cikin motar, yana share kashinsu da tsintsiyata.

Watannin da suka biyo baya, in na tuna su yanzu, kamar a mafarki na yi su. Wani bakanike maƙwabcinmu, mutumin Filato da ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya samo injin tsohuwar a-kori-kura ya ɗora, yana zuwa bayan ya taso daga coci ya kwanta a ƙarƙashinta yana waƙa. Malam ya fito da katakon maɗaci da ya ɓoye tun ina goyon 'yar autarmu. Don ya lanƙwasa shi, sai ya ƙwace mini babbar tukunyar turara shinkafa, ya jera katakon a kan tururi har ya yi laushi. Na yi faɗa, na ce sana'ata ba ta gaji haka ba, amma ni ce dai nake iza masa wuta. Gidan ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙen itace da na shinkafa. Haƙarƙarin motar suka tashi ɗaya bayan ɗaya a inuwar darbejiya, balbelu na wucewa ta samansu zuwa gona. Da yamma ƙarar gudumarsa a kan alminiyam takan haɗu da ta injinan ban-ruwa daga nesa, har in rasa wacce ce wacce.

Tsakanin mazaunin direba da na baya ya kafa allon katako mai ɗan gilashi marar nuna mutum. Ya ce motocin da duk haka suke, don mai gida ya keɓe daga direbansa. Na san ba don tarihi ya yi ba. Madubin ciki ma cire shi ya yi, ya jefa a akwatin kayan aiki.

Sai aka zo kan kujera, wato kan awo. Ya tsaya da tef a hannu yana jujjuya shi, yana kallon hanyar gidan Inna. Ni ma na kalli hanyar. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Ai kowa na cewa ke da Inna kamar an tsaga kara. Zauna a kan bencin nan."

Na zauna. Ya auna ƙafata, ya auna kafaɗata, ya auna daga ƙuguna zuwa ƙeya. Gaskiya na ji daɗi, don rabon da Malam ya dube ni da irin wannan natsuwa tun ina amarya. Ya ce zai ƙara ɗan matashi saboda ranƙwafar. Na ce hakan ya yi. Muka rabu kowa ransa fari, an gama awo ba wanda ya keta kunya.

Ranar gwaji motar ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, dogon hancinta a gaba, yaran gari na bin ta a guje. Malam ya tsayar da ita a ƙofar gidan Inna, ya sauka ya zagaya bayan katanga. Ni da matar ƙanena muka tallabo Inna muka zaunar. Kujerar ta yi mata yawa ta ko'ina. Ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba, jinginar ta tokare ƙusumbin bayanta ta ƙara tura ta gaba, tagar kuma tana can sama da kanta. Abin da take gani kawai shi ne daɓen motar. Na ga yatsunta sun damƙe gefen kujera har jijiyoyin sun fito.

Ta ce, "Ki ce masa ya yi. Allah ya yi albarka." Ta ɗan numfasa, sannan ta ƙara da cewa, "Ku mai da ni ɗaki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin motar, na ji haushin Malam, na ji haushin wannan kunya tamu da ta sa mutum uku suna ƙaunar juna amma ba mai iya duban wani. Na same shi a bayan katanga na ce, "Sannu da aiki. Ka ƙera wa matarka mota." A makon nan ne kuma aka aiko daga Madobi cewa Kawu ya rage cin abinci, sai kunu, shi ma da lallashi.

Da safe Malam ya kira ni shago. A hannunsa akwai wata doguwar wayar jan ƙarfe mai laushi, irin wadda in ka lanƙwasa take tsayawa yadda ka bar ta. Ya ce da irinta mai gidansu yake ɗauko siffar abin da tef ba ya iya aunawa. Ya ce, "Ki kwantar da ita a bayan Inna, daga ƙeya har ƙugu. Ki bi ta da yatsa a hankali, ko'ina ta zauna. Ki kawo mini ita yadda take."

Na ce, "Ni?"

Ya ce, "To, ni?"

Na tarar da ita a ɗaki a kan tabarma, tana jan carbi. Hasken hantsi ya shigo ta ƙofa ya tsaya a kan ƙafafunta. Na gaishe ta, na sake gaishe ta. Sannan na ce, "Inna, an aiko ni." Na ajiye wayar a inda za ta gani, na faɗi abin da aka ce in yi.

Can ta ajiye carbin, ta zame mayafinta, ta juya fuskarta bango.

Ban taɓa taɓa bayan mahaifiyata ba, in ban da lokacin da ba zan iya tunawa ba. Na ɗora kan wayar a ƙeyarta na fara bi. Ashe 'yar ƙarama ce. Ashe duk tsawon da nake ba ta a raina na tun ina yarinya ne, sa'ad da nake hango ta daga gidan kakata da ƙwarya a ka. Ƙasusuwan bayanta suna nan a jere ƙarƙashin yatsana, ga tabon ƙaho birjik a kafaɗunta, tana ƙamshin man kaɗanya da hayaƙi. Wayar ta hau tudun, ta gangara, ta ɗan karkata hagu, wajen hannun da take riƙe lauje da shi. Ina dannawa ina jin numfashinta.

Sai ta fara magana da bango. Ta ce tun kafin a haƙa kanal, wata damina rafi ya cika, Yaya ya goya ta ya ƙetare da ita, ruwa har ƙirjinsa, yana ce mata ta rufe ido. Ta ce ba ta rufe ba. Ni kuma na kai ƙugu. Kafin in ɗaga hannu ta ce, "Hannun nan irin na mahaifinki ne." Tausayinta da ƙaunarta suka cika ni, hawaye na ɗiga a kan zanena. Ba ta waiwayo ba, kuma na gode mata da ba ta waiwayo ba.

Na ɗauko wayar da hannu biyu a ƙarƙashin hijabi, ina tafiya a hankali don kada wani ya bangaje ni ta sauya. Malam ya tsuguna kafin ya karɓa. Ya dube ta sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, sai ya sunkuyar da kai kamar Inna ce a gabansa. Ya ce, "Ashe haka take fama." Daga nan ya kwantar da wayar a kan allo ya bi gefenta da fensir.

Ya ɓalle kujerata gaba ɗaya. Sabuwar da ya yi ba ta miƙe ba, kwantawa ta yi baya, da rami daidai inda tudun bayan zai shiga, ta yadda in mutum mai ranƙwafa ya zauna, bayansa zai nutse fuskarsa ta ɗago. Ya cusa mata audugar rimi, ya lulluɓe da jar fata. Ya ɗaga daɓen wajen ƙafa, ya yanke tagar ya sauko da ita, bai ko ji ciwon alminiyam ɗin da ya sha wahalar bugawa ba. Ƙofar ya faɗaɗa ta, ya mai da ita mai buɗewa ta baya. Ni kuma ya yi mini 'yar kujera mai naɗewa, tana fuskantar ta Inna.

Mun tashi da sassafe. Da muka zaunar da Inna, sai na ji ta saki wani dogon numfashi, yatsunta suka kwanta a kan cinyarta. Fuskarta ta ɗago. Muka haɗa ido, ni da ita, muka yi saurin kawar da kai.

Malam ya bi hanyar bakin kanal, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ruwan yana tafiya tare da mu, sararin sama na kwance a cikinsa. Alkama ta nuna ta yi ja-ja har iyakar gani, can kuma gonakin tumatir, kwanduna a jere a bakin hanya, masu tsinka suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna bin mu da kallo. Inna ba ta ƙifta ido. Ta tambayi yaushe aka ja waɗannan wayoyin wuta. Ta ga wata giginya ta ce ashe tana nan. Da muka zo daidai gonar mahaifina, wadda ta san kowane ɓurɓushin ƙasarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba ta san akwai tsamiya a bayanta ba. Wani garken balbelu ya tashi, ta bi su da ido har suka ɓace.

"Ki ce masa kada ya yi sauri," in ji ta. Na ƙwanƙwasa allon na isar da saƙo, ko da yake mai keke ma wuce mu yake yi. A Kura muka tsallaka babban titi, 'yan acaɓa suka zagaye mu suna ɗaukar hoto da waya, wani yana tambayar ko fim ake yi. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Madobi, ni kuwa ina ta addu'ar mu tarar da shi.

Mun tarar da shi. 'Ya'yansa suka fito da murna, suka ce yana ciki, ya ji ƙarar mota tun daga nesa. Suka buɗe ƙofa za su ɗauke ta. Sai Inna ta riƙe gefen kujera.

Ta ce, "Kada ku sauke ni. In kuka sauke ni, ƙafafunsa zan gani. Ƙafafunsa kuwa na san su."

Suka dubi juna, suka koma ciki. Na sauka na ba da wuri. Jim kaɗan suka fito da shi a hannu, an sa masa farar riga da hula, hannu ɗaya na reto. Suka zaunar da shi a 'yar kujerata, suka tokare shi da matasai, gwiwarsa na taɓa tata.

Suka yi ta kallon juna. Gemunsa ya yi fari fat, bakinsa ya karkace gefe, ido ɗaya na zubar da ruwa. Inna ta bi fuskar nan da kallo tun daga hula har haɓa, ba ta bar ko'ina ba. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin ya iya cewa, "Auta."

Ta ce, "Yaya, ashe haka ka tsufa?"

Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ta miƙa hannu ta share masa idon da bakin mayafinta. Na tura ƙofar a hankali, muka koma inuwar zaure muka zauna. Har aka kira la'asar ba wanda ya ce a buɗe.